Ni Zan Je Jego

Laraba da dare, Al-Sadd, Doha, 2021

Alhamdu lillahi, 'yarmu Maryam ta sauka lafiya a Ingila, an samu namiji. Saboda korona 'yan ƙasa kaɗai ake bari su shiga. Ni ke da fasfon ƙasar, matata Hajiya kuwa koren nan namu kawai gare ta. Wato uwar da ta san jego tana Doha, ni da ban iya komai ba ni zan tafi.

Yau a kicin na yini, tana koya mini dama kunun kanwa. Sau biyu yana gudaji.

Ta ce, "Likita, allura ba ta gagare ka ba sai ludayi?"

Na ukun ta ɗanɗana, ta goge ido, ta ce, "Dama mata haka. Za ta sha."