Giwar Baba a Lambun Johannesburg

Ƙanena Munashe,

"Zan kawo Mama kafin damina," in ji ka. Ga shi har an cinye masara. Ya idonta? Ya yara?

Ina lafiya, gwiwa ce kawai ke gunaguni. Jiya na je gidan zane-zane. Giwar dutsen da marigayi Baba ya sassaƙa tana lambu, a filin ƙaramin golf, yara na tura ƙwallo tsakanin ƙafafunta. Na buɗe baki zan yi masifa, sai na tuna yadda yake barinmu mu hau ta.

Ina so Mama ta gan ta kafin idon ya rufe. Na ba ka zuwa bikin Ista. In ya wuce, zan hau bas in ɗauko Mama, ko a bakin aikina.

Allah ya tsare ku, har da kai.

Yayarka,
Nyaradzo