Tsugunon da Na Sato a Wajen Ɗana

Malam, don Allah ka agaza mini da shawara. Abin ya fi ƙarfina, kuma ni ban saba faɗin haka ba.

Shekarata talatin da ɗaya ina dako a siton siminti. Babban ɗana kuwa aikinsa koya wa mutane ɗaga ƙarfe, a wani ɗaki mai madubai, inda ƙarti ke ɗaga abu su mayar da shi inda suka ɗauko. Wata huɗu da suka wuce uwarsa ta aiko shi wurin aikina, ya tarar na sunkuya zan ciccibi buhu. A gaban abokan aikina ya ce wai ba haka ake yi ba, in tsugunna, in miƙe bayana, in jawo buhun jikina, ƙafafu su yi aikin. Raina ya ɓaci. Na ce da wannan sunkuyon na ciyar da shi har ya tara ƙwanjin da yake nuna wa madubi. Aka kwashe da dariya. Tun ranar sai dai ya gaishe ni daga bakin ƙofa ya wuce ɗakin uwarsa.

Ba a yi sati uku ba bayana ya riƙe, ko takalmi sai an sa mini. Da na ji sauƙi na laɓe bayan buhuna na gwada tsugunon nan. Malam, yaron ya yi gaskiya. Da farko abokan aiki tsokanata suke yi, wai kamar kaza za ta saka ƙwai, amma da suka ga na daina dafe ƙugu sai sababbin cikinsu suka ce in koya musu. Na koya musu, na ce dabarata ce. Tsofaffin suka kau da kai suna murmushi.

Yanzu direbanmu ya kai wa ɗan nawa labari wai ubansa ya ƙirƙiro sabon salo. Uwarsa ta ce bai ce uffan ba. Shirun nan ya fi ciwon bayan damuna. Ina kewar ɗana, amma ta ina uba zai fara?

Tsohon ɗan dako

Baba, sannu da jiki, sannu kuma da ƙirƙira.

Ɗanka ya yi kuskure. Ba a gyara wa uba sana'a a gaban abokan aikinsa, da ya bari kun koma gida. Sai dai ba raini ya sa shi magana ba, bayanka ya kalla ya tsorata. Kai kuma ka rama da abin da ya fi zafi, ka mayar da sana'arsa abin dariya.

Ka fara da zuwa asibiti a duba bayan nan, tsuguno ba magani ba ne. Sannan ka kira shi da kanka, kada ka aiki uwarsa. Ka ce ya zo sito ya duba muku tsugunon, don abin da aka koya a laɓe da wuya a rasa gyara a ciki. Idan ya zo, ka faɗa a gaban waɗanda suka yi dariyar cewa shi ya koya maka. Ba sai ka yi dogon jawabi ba.

Shirun da ke damunka kuwa, ka sake dubansa. Direba ya ba shi damar tona ka da kalma ɗaya, ya ƙi. Asirinka yake rufawa, Baba. Kada ka bar shi yana jira.

Allah ya ƙara lafiya, ya daidaita tsakaninku.