Ni Na Ce A Rantse, Ga Tasalla Ta Kusa Haihuwa

Hajiya Zuwairatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kar ki ajiye wasiƙar nan sai wani mako, abin da ke gabana ba zai jira ba.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, shekara sha ɗaya ina karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibitin ƙauye tsakanin Batsari da Safana. Wata biyu da suka wuce takarda ta zo daga sama, wai za a rage kashe kuɗi, aka sallami ma'aikatan wucin gadi. A wurinmu mutum uku abin ya shafa, har da Mahfuza, wadda shekara shida muna tare, ita ke riƙe min mace in ina ɗinki. Wai tsuke bakin aljihu! Aljihun wa? Mu dai ba mu ga an rage motocin da ke zuwa duba mu ba. Ƙungiyarmu ta rubuta, ta roƙa, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Sai aka tafi yajin aiki.

To ga inda na jawo wa kaina. A yajin da muka yi a baya, kwana huɗu kacal aka yi wasu suka riƙa saɗaɗawa suna komawa, aka watse ba mu tsira da komai ba. Don haka ranar taro a Batsari, ni da bakina da ba ya shiru, na miƙe na ce wannan karon a rantse. Aka yi alwala, aka kawo Alƙur'ani, kowa ya dafa ya ce ba zai taka asibiti ba sai an maido da waɗanda aka kora. Ni na fara dafawa. Shugaban reshenmu, Malam Barau, ya sa kwaɗon ƙungiya a ƙofar asibitinmu ya tafi da makulli. Yau kwana sha tara.

Akwai wata mata, bari in kira ta Tasalla. Haihuwarta biyu a gida, duka biyun jini ya ɓalle, na biyun har an fidda rai da ita, ɗan kuma bai zo da rai ba. Wata biyar na yi ina sintiri zuwa gidansu, ina durƙusa wa surukarta, ina lallashin mijinta Salmanu, kafin suka yarda wannan karon a asibiti za ta haihu. Na ce su bar min ita amana. Yanzu watan haihuwarta ya kama, allurar tsayar da jinin kuwa tana cikin firij, bayan kwaɗon nan. Ga damina, rafin da ke tsakaninmu da titi in ya kawo sai a wuni babur bai ƙetare ba, kuma kin san hanyarmu ba kowane lokaci ake bin ta ba.

Shekaranjiya Salmanu ya zo ƙofar gida, ya gaishe ni har ƙasa. Bai ambaci asibiti ba sam, sai dai ya tambaya ko in naƙuda ta tashi su kira tsohuwar ungozomar gari. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Wani jami'in ma'aikatar lafiya kuma ya kira ni sau biyu, wai in na yarda zai zo da kansa a fasa kwaɗon, har da mai hoto. Na san abin da yake nema, a ce wadda ta kawo rantsuwa ita ta fara karyawa, sauran su zube. In haka ta faru, Mahfuza ta tafi ke nan, ita da marayunta huɗu. Jiya ta aiko min da fura, na kasa sha.

Ina tsoron Allah kan rantsuwa, ina tsoron a kira ni maciya amana. Har na yi tunanin in haura ta tagar baya in ɗauko allurar ba wanda ya sani. Hajiya, ya zan yi?

Taki,
Wadda Bakinta Ya Ja Mata

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wasiƙarki na sa gaba da sauran.

Da farko ki cire maganar taga daga ranki. Ba da Malam Barau kika rantse ba balle ki ɓoye masa, da Allah kika rantse, kuma Yana ganin tagar baya. In aka kama ki, ɓarauniyar magani za a kira ki, ki rasa aiki da mutunci lokaci guda. Jami'in nan kuwa kar ki ƙara ɗaga wayarsa, ba Tasalla ce ta dame shi ba.

Yajinku yana da hujja. Asibitin da aka rage wa hannu, mata irin Tasalla ne za su sha wuyarsa bana da baɗi. Kuskurenku ɗaya ne, kun rufe ba ku bar wa gaggawa hanya ba. Tunda a gaban jama'a kika ƙulla, a gabansu za ki nemi a sassauta. Gobe da safe ki je wurin Malam Barau, ki tafi da Mahfuza, don a wannan magana bakinta ya fi naki nauyi. Ku nemi ƙungiya da kanta ta ba da izinin haihuwa da ceton rai kawai, ba awo, ba sa hannu a rajista, ba hoto. In ƙungiya ta buɗe da makullinta, ba wanda zai ce an karya ta. Ki tuna musu cewa in mace ta mutu a bayan kwaɗonsu, mutanen gari ba za su tambayi wa ya rubuta takardar kora ba.

Batun rantsuwa, ni ba malama ba ce, ki tambayi malamin da kika yarda da iliminsa. Abin da muka taso muna ji shi ne, wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya yi alherin ya yi kaffara.

Sannan kin fi ni sani, mai irin wannan jini tun asali ta fi ƙarfin ƙaramin asibiti. Ki sa Salmanu ya kai ta wurin dangi a Batsari ko Katsina tun rafi bai kawo ba, kusa da asibitin da ke aiki, ya tanadi 'yan'uwa biyu da za su ba da jini. In suruka ta yi gardama, ki sake durƙusa mata.

In duk an ƙi, naƙuda ta riske ta a gari, ki kira Malam Barau ki faɗa masa za ki shiga, ki sa mai gari ya shaida, a ɓalle kwaɗon ki shiga ta ƙofar gaba. Za a yi fushi da ke, wataƙila wasu su daina gaishe ki. Ki daure. Rantsuwa tana da kaffara, ran Tasalla ba shi da ita.

Allah Ya sauke ta lafiya, Ya maida Mahfuza bakin aikinta, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.