Hajiya Mai Injin Fuska, Ki Zo Mabai Ki Wanke Mijina

Zuwa ga Hajiya, shugabar gidan gyaran fuska da ta sauka Ƙanƙara da injinta bayan ƙaramar Sallah ta bara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da iyali da ma'aikatanki. Ba son tonon silili ya sa na rubuto miki a bainar jama'a ba. Lambarki ta daina shiga tun da damina, saƙonnin da na tura ba amsa, gidan da kika sauka kuwa sun ce kin wuce Faskari, daga nan ba wanda ya san inda kika nufa. Ba zan kama sunanki ko na shagonki ba. Matan da suka san ki za su gani, kuma na tabbata wata za ta kai miki.

Ni ce Malama Rabi, mai koyar da 'yan aji uku, wadda kika riƙa tsokana da "Anti mai kumatu". Daga ɗakin mahaifiyata a Mabai nake rubutun nan. Wata huɗu ke nan rabona da ɗakina, kuma ranar Juma'a mai zuwa manyan gidanmu za su zauna a kan aurena na shekara ashirin da biyu. Abin da ya jawo haka rabi nawa ne, rabi naki. Na gaji ƙwarai, Hajiya, don haka zan jera miki abin yadda ya faru, ba ƙari.

Na ɗaya, laifina, don ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ba ki ja ni da igiya ba, da ƙafata na zo. Tun ina yarinya nake da kumatu, ban taɓa ɗaukarsu abin damuwa ba sai da waya ta shigo. A walimar makarantarmu wata malama ta ɗauke mu bidiyo, na ga haɓata ta ninku biyu tana rawa in ina magana. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na kwana uku ina maimaita kallon. Ina da shekara arba'in da uku, ga 'ya'ya huɗu, ya kamata a ce na wuce wannan wurin, sai dai ban wuce ba. Maigidana malamin gona ne a Sabuwa, kuma saboda halin da hanya ke ciki sai bayan sati biyu yake leƙo gida. Na zo wurinki yana can, ban nemi izininsa ba. Kuɗin adashina ne, naira dubu tamanin, na damƙa miki a hannu ba rasit. Ban zo neman su ba, na faɗa ne don ki tuna ni.

Na biyu, abin da kika faɗa da abin da kika yi. Kin ce ba wuƙa, ba allura, ba jinya. Kin ce injin wani sauti yake harbawa da kunne ba ya ji, ya tattara a ƙarƙashin fata ya ɗumama ta, fatar ta ɗame, kitse ya ragu, a hankali cikin wata biyu zuwa uku. Kin zana mini layuka a fuska da farin fensir, kika shafa wani abu mai sanyi da yauƙi, kika ɗora kan injin. Zafin har cikin haƙorana nake jinsa. Da kika sauko gefen haɓa ta hagu na riƙe hannunki, kika ce zafin shi ne alamar yana aiki, wai masu kumatu irina sai an ƙara musu ƙarfi kuma a maimaita. Kin maimaita. Ba ki tambaye ni ko ina da wani ciwo ba, ba ki ce akwai abin da zai iya biyo baya ba. Ni ma ban tambaye ki inda kika koyi aikin ba, don na ga farar riga da safar hannu na ɗauka magana ta ƙare.

Na uku, abin da ya biyo baya. Washegari ina kurkure baki ruwa ya zubo ta gefen hagu. Leɓena na ƙasa ya ƙi bin umarni, in na yi murmushi sai bakin ya karkace. Na kira ki, lokacin kina ɗagawa, kika ce kumburi ne, in sa ƙanƙara. Karkacewar ta ragu bayan wata biyu, ko da yake har yau gefen a dushe yake kamar an yi mini allurar cire haƙori. Amma a daidai lokacin da bakin ke dawowa sai kumatun suka fara tafiya, kuma ba su tsaya inda kika ce za su tsaya ba. Suka zurma, ƙasusuwan fuska suka fito, idona ya faɗa ciki. Jikina yana nan yadda yake, fuskar ce kawai ta zama ta wadda ta tashi daga doguwar jinya. 'Yan ajina suka fara gaishe ni da "ya jiki, Malama". Garin neman gira na rasa ido.

Na huɗu, kuma nan ne ainihin maganar. Hajiya, ban san inda kika taso ba, amma a wajenmu ramar fuska ba ado ba ce. Matar aure in ta yi kumatu, mijinta ake yabo. In ta zurma, shi ake kallo. Ni na san wannan sarai, a cikinsa aka haife ni, amma hasken waya ya mantar da ni. Maƙwabta suka fara aiko mini da kunu da 'yar miya kamar mai jego. Wata ta ja ni gefe ta ce in akwai abin da ke ci mini rai in faɗa, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk wanda ya tambaya sai in ce zazzaɓi ne, don kunya ba ta bar ni in ce kuɗi na biya ba. Shi ma maigidan haka na ce masa, ya kai ni gwajin jini har sau biyu, ba a ga komai ba.

Ana haka aka yi suna a gidan yayana Lawal a Mabai, na je. Ina shiga Inna ta dube ni, ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta, sai hawaye. Ranar ba a bar ni na koma ba. Kafin la'asar an gama yanke hukunci a tsakar gida: wai Malam, wato maigidana, ya tare a Sabuwa ya bar ni da yara ba cefane, baƙin ciki da yunwa sun cinye ni, karkacewar baki kuwa hawan jini ne da ya sa mini. Mutumin da tun da ya kai ni gidansa buhun masara bai taɓa ƙarewa ba tare da wani na jingine a bayansa ba, shi ake faɗa wa haka.

Da na ga abin ya kai nan sai na cire kunya na faɗi gaskiya. Na zaunar da Inna da Yaya Lawal na ba su labarinki tun daga farin fensir har dubu tamanin. Inna ta saurara har na gama, sannan ta dafa kaina ta ce: "Yi shiru, ɗiyata. Tun da nike ban taɓa jin macen da ta biya kuɗi aka ramar da ita ba. Asiri kike ruhwa mishi, Allah shi ba ki lada, amma ba ki komawa." Ta ƙara da cewa in na taka ƙofar gidansa ba da yawunta ba, ba ta yafe nonon da na sha ba. Ke ma 'ya ce, Hajiya, kin san ba a tsallake wannan.

Kin ga inda na tsaya. Da na yi ƙarya an yarda, da na faɗi gaskiya an ce ladabi ne. Duk rantsuwar da na yi ƙara mini daraja take a idonsu, shi kuma tana ƙara masa laifi, wai dubi irin matar da ya samu yake wulaƙantawa.

Na biyar, ƙofofin da na ƙwanƙwasa kafin in zo gare ki. Na nuna wa Inna bidiyon irin injin a waya, ta ce waɗannan fararen fata ne, kuma a waya har akuya tana magana. Na je wurin matan nan uku da muka yi layi tare a ɗakinki. Biyu sun ce ba su san zancen ba, ta ukun ta roƙe ni don Allah kada in ambace ta, mijinta bai sani ba. Ban ga laifinsu ba, ni ma da haka zan yi. Na je wurin likita a Funtuwa, ya duba ni da kyau, ya ce jijiyar leɓen ta taɓu kuma kitsen kumatun ya tafi, da wuya ya dawo yadda yake. Na roƙe shi ya rubuta cewa inji ne, ya ce ba zai sa hannu a kan injin da bai gani ba, bai san sunansa ba, ba kuma takardar da ta nuna an yi. Gaskiyarsa ne. Yaya Lawal ya karɓi takardar da likitan ya ba ni, ya ga an rubuta in riƙa cin abinci mai gina jiki, ya ce to ga shi likita ma ya faɗa.

Yanzu aikina a Mabai ci ne. Fura da nono da safe, tuwo da man shanu da rana, Inna na zaune a gabana tana ƙirga loma. Na yi ƙiba ko'ina, zannuwana sun matse, fuskar ko gezau. Ita kuma kullum ta dube ni sai ta ce ciwon ya riga ya shiga ƙashi. Makaranta na ɗauki hutun rashin lafiya har ya ƙare, na ƙara wani. Autata mai shekara goma sha biyu ita ke dafa wa 'yan'uwanta a Ƙanƙara.

Shi kuwa Malam, duk sati biyu sai ya hau babur daga Sabuwa, a wannan hanyar da kowa ke bi da addu'a a baki, ya zo ya zauna a zauren gidanmu. Da, kafin ya cire takalmi an kawo masa fura. Yanzu ruwa ma sai ya jima. A zauren nan na gaya masa gaskiya, ina jiran faɗa, don na cancanta. Ya yarda nan take, tun da ya san abin da ya bari a ɗakin ajiyarsa. Sai ya ce: "Da kin tambaye ni, Rabi, da na gaya miki ban gaji da kallon fuskar nan ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Amma shaidarsa ba ta da amfani, don shi ake tuhuma. Ya riga ya shaida wa Yaya Lawal cewa ba zai yi jayayya da surukai ba: in sun zauna sun ce takarda suke so, ba zai riƙe 'yar mutane da ƙarfi ba. Na san shi, abin da ya faɗa zai yi.

Saboda haka ga roƙona, Hajiya, kuma ba shi da yawa.

Ki zo Mabai kafin Juma'ar nan, da injin a hannunki. Ki ajiye shi a gaban Inna ta gan shi, ta taɓa shi, ki ce mata ke kika ɗora mini shi kuma kuɗi na biya. Mutanenmu ba sa yarda da waya, amma suna yarda da baƙon da ya tako ya faɗi abin da ba zai amfane shi ba. In kina tsoron hanya, ki tsaya Ƙanƙara, zan san yadda na lallaɓo ta da Yaya Lawal. Na yi miki alkawari ba 'yan sanda, ba kotu, ba mai ɗaga miki murya. Rabin awa ya isa.

Sannan duk garin da kika sauka nan gaba, kafin ki ɗauki fensir, ki gaya wa mace abin da zai iya faruwa da bakinta da kumatunta, ki kuma ba ta takarda mai sunan injin da sa hannunki. In akwai likitan da ya kamata ya tsaya a kan aikin, ki nemo shi. In kuma ba ki da izinin yi, ki ji tsoron Allah ki ajiye.

Ban roƙe ki ki maido mini da fuskata ba, na san ba ki iyawa, kuma na fara sabawa da wannan. Ina yi miki addu'a Allah ya ba ki arziki ta hanyar da ba mai kuka da ke, ya rufa miki asiri, ya kare 'ya'yanki, ya sa kada ki taɓa faɗin gaskiya a ƙi yarda da ke. Ni na yafe miki nawa. Na Malam ne ba ni da ikon yafewa, don bai san ki ba, bai ba ki ko kwabo ba, kuma shi za a zaunar a gaban manya a ce ya saki matarsa saboda ya hana ta abinci. Mu biyu muka yi wannan aikin, ni da ke. Ni na faɗi nawa ba a karɓa ba, saura ke. Ana zama bayan an sauko daga masallaci.

Wassalam.

Taki,
Malama Rabi,
daga Mabai, ƙaramar hukumar Ƙanƙara.