Kar ki sa gawayin ga ƙarƙashin gadon Zuwaira

Ladi,

Motar ma'aikatan dam ta iso, ba ni iya jira ki dawo daga niƙa.

Buhun gawayin da na sawo jiya kasuwar Mafara, kar ki taɓa shi. Araha ta ruɗe ni. Mai shi ya rantse mini ƙirya ce, ashe tarkacen itatuwan da katafila ta tuttuge ne wajen aikin dam, aka ƙona su ɗanyu. Waje baƙi wuluk, in kin fasa cikinsa itace ne zalla.

Da safe na zuba wa Baba a kasko ya ji ɗumi wajen lazimi. Sai hayaƙi da tartsatsi, har buzunsa ya huje. Da ya miƙe jiri ya ɗebe shi, sai da na riƙo shi zuwa tsakar gida. Ya ce ya warware, amma kin san Baba, ba ya faɗin ciwo. Ki leƙa shi.

Hankalina yana kan Zuwaira mai jego. Inna ta saba rufe ƙofa ruf in ta hura wutar gadon jego, ga shi na ji tana yaba girman buhun. Na ja shi bayan rumbu na kife turmi a kai. In ta nema, ki ce ni na hana, ta ajiye faɗan sai na dawo. Ki roƙo na kirki gidan Kawu Nasidi.

Don Allah, Ladi. Jaririyar ga ko suna ba a raɗa mata ba tukuna.

Yayanki,
Labbo