Baitin da Ronnie Ba Ya Rerawa

Grimsby, farkon bazara

Zuwa ga Glenys, matar babban yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya jikin Ronnie? Ki ce masa Alec mai ganga yana nan, kunne ɗaya ya mutu, ɗayan yana kan hanya.

Bana ƙungiyarmu ke cika shekara hamsin. Kin tuna farkonmu a bayan shagon kifin babansa, muna warin ƙarni muna kiɗan rok? Mu biyar muka fara. Colin da Pete suna ƙarƙashin ƙasa, Barry ya koma Spain ya daina gaishe mu. Masu jitar da nake yawo da su yanzu ba a haife su ba lokacin da muka je Amurka.

Za mu yi wasan bankwana a nan gida. Ki ara mini mijinki, mawaƙinmu, na waƙa ɗaya, "Jirgin Asuba". Tare muka hau dandamali, ina so mu sauka tare.

Ki huta lafiya,
Alec

*

Alec,

Na ga saƙonka, na gode. Muna nan.

Ciwon mantuwar ya yi nisa, Ronnie bai san sunana ba tun Kirsimeti. "Baiwar Allah" yake ce mini. Jiya ya tambaye ni ko ina da miji. Na ce ina da shi. Ya ce, "To ki koma gida mana, kar ya yi ta jira." Na zuba masa shayi. Ban yi kuka ba, na daina jin komai.

Abu ɗaya nake gudu, ya tsaya gaban mutane baki buɗe su gane. Abin da ya rage masa ke nan, yadda suke tunawa da shi.

Amma likita ta ce fita za ta yi masa amfani, ni kuma ba ni da ƙarfin musu. Zan kawo shi. Waƙa ɗaya.

Sai mun zo,
Glenys

*

Glenys, uwar ɗakina,

Da fatan kun isa lafiya. Kina bayan labule, ba ki ga abin da na gani ba.

Kin san al'adarmu. Tun ranar da Ronnie ya sha ya yi tatul a garin Leeds, baitin ƙarshe na waƙar nan ya ɓace masa ya miƙa wa jama'a makirufo, ba mu ƙara rera baitin nan da bakinmu ba. Jama'a ke yi.

To, na buga sanduna, jita ta shiga, Ronnie bai ce uffan ba. Sai kawai ya miƙa makirufon gaba, ina jin nauyi ya yi masa. Zauren ya ɗauka tun daga baitin farko har ƙarshe. Tsofaffi masu sanƙo suna kuka. Wani ya riƙe ni a ƙofa ya ce, "Kai, mutuminka bai taɓa yi mana kyauta irin ta yau ba."

Babu wanda ya gane. Na koma gida na zauna a kicin da rigar sanyina a jiki, ban san ko murna nake ba.

Yanzu mutanen Leeds sun bugo, suna son mu zo. Tsayawa kawai zai yi. Me kika ce?

Naki,
Alec

*

Alec,

Mun iso lafiya.

A mota, bayan mun wuce gada, Ronnie ya ce, "Baiwar Allah, mai gangar nan ya iya. Amma sun ba ni tausayi."

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "Mawaƙinsu bai zo ba."

Ka ba mutanen Leeds haƙuri.

Ka huta lafiya,
Glenys