Dayis ɗin da Na Ɓoye a Tambari

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Sun ɗora mini aiki. Yau bayan wasa Gershon, mai ba mu labari, ya ce tunda mun zama tebur uku, namu na Kafanchan da na Zonkwa da na Kachia, ya kamata mu yi tambari guda a buga a riguna. Kafin ya rufe baki duk sun juyo suna kallona, wai ai ni ce malamar zane. Na ce to, har da murmushi.

Riguna fa. Abin da ake sawa a fita titi da shi.

Na daɗe ina zuwa bayan shagon Gershon duk Asabar. Shi yana ƙirƙiro duniya da baki, mu kowa da mutumin da yake wakilta a cikinta, a jefa dayis a ga ko abin da ka ce za ka yi ya yiwu. Ni ce jarumar nan mai gatari wadda ba ta tsoron kowa. Amma a unguwa da coci, cewa nake lesin nake zuwa koyarwa. Mijina Andrawus kaɗai ya sani, shi ma dariya yake mini. Matar dattijon ikilisiya, sakatariyar zumuntar mata, tana jefa dayis! Wa zan tsayar in yi wa bayanin cewa ba caca ba ce, ba kuma tsafi ba?

Talata, 8 ga Oktoba

Guruf ɗinmu na waya ya cika da shawara. Na Zonkwa suna son dodo mai fiffike, na Kachia sun ce a sa citta, amfanin gonar garinsu, ko ta halin ƙaƙa. Abu ɗaya kawai kowa ya yarda da shi: dayis mai fuska ashirin, babba, a tsakiya.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na zana shi yadda suke so, kuma ya yi kyau, ba yabon kai ba. Sai na tuna fuskar Mama Zipora, shugabar zumuntarmu, ranar da ta kama yara da kati a bayan coci. Na juya takardar na kife.

Na sake wani. Hannaye uku, garuruwa uku ke nan, sun ɗaga dayis sama. Na dinga goge kusurwoyinsa, na ƙara masa haske ta kowane gefe, na cire lambobin, har ya koma kamar tauraro. A ƙasa na sa buɗaɗɗen littafi. In sun tambaya, littafin dokokin wasa ne. Ni dai na san wane littafi mai wucewa zai ɗauka.

Asabar, 19 ga Oktoba

Sun karɓa. Na yi musu dogon turanci a kan cewa tambarin zamani ba ya son tarkace, suka yi ta gyaɗa kai, don sun yarda da ni. Wannan ya fi komai ci mini rai. Hephzibah ce kaɗai, nas ɗin nan ta teburin Kachia, ta kanne ido ɗaya tana duban waya ta ce, "Anti Doreen, dayis ɗin ya tafi ina?" Na ce yana nan ga mai ido. Ta ce oke.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Riguna sun fito, masu launin shuɗi. Kumai na teburin Zonkwa ya ce ranar bikinsa za mu fara sa su, a kira mu fili kamar kowace ƙungiya mu yi rawa da ango. Ya ce duk wanda ya zo da wata riga ba zai ci shinkafa ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Ashe uwar amarya 'yar zumunta ce a can Zonkwa, don haka matanmu sun cika mota guda sun zo. Ina saukowa daga bas da shuɗiyar rigata na hango ankonmu a ƙarƙashin rumfa. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Mama Zipora ta yafito ni. Ta kama bakin rigar tana dubawa, ta ce, "Kai, wannan riga ya yi kyau. Haske da Littafi. Sabon ƙungiyan addu'a ne na matasa?" Hephzibah tana tsaye a gefena riƙe da faranti.

Na ce, "I, Mama."

Babu wanda ya matsa mini, haka kawai ya fito. Mama ta ji daɗi, ta je ta raɗa wa mai gabatarwa. Da lokacinmu ya yi sai ya ɗaga murya ya ce ga mayaƙan addu'a daga garuruwa uku, su fito su sa wa ango da amarya albarka. Mutanenmu suka fito suna kallon juna. Kumai ya karɓi makirfo yana dariya, ya ce a'a, wasa muke yi, wasan labari da dayis, kuma a teburin nan ya samu abokan da suka tsaya masa lokacin da ba shi da aiki. Ya ce, "Ga ma Malama Doreen da ta zana mana logo, ita ce mai gatari namu, Anti fito mana!"

Ban fita ba. Na riga na yafa gyale a kan rigar, na zauna a tsakiyar matan zumunta. Da Mama ta juyo ta dube ni na ce, "Zane kawai suka roƙe ni, ban san me suke yi da shi ba." Kumai ya kira sunana ya sake kira, yana neman fuskata cikin jama'a, a ranar aurensa. Daga baya makaɗa suka rufe abin.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na ce ciwon kai nake, ban je sujada ba. Andrawus bai yi dariya ba wannan karon, ya dai ajiye mini shayi ya fita.

Laraba, 20 ga Nuwamba

An sa hotunan biki a guruf, kowa a fili da shuɗiyar riga, ban da ni. Babu wanda ya zage ni, da ma sun zaga. Kumai ya rubuto mini shi kaɗai, wai ko ya ɓata mini rai ne da ya kira sunana, in yafe masa. Shi ke ba ni haƙuri!

Hephzibah kuwa kira ta yi. Ba na tuna duka. "Anti, ba ƙaryan da kin yi wa Mama ne ya dame ni ba. Mu ne kin sa mun sa ƙaryan a ƙirji, muna yawo da shi ba mu sani ba." Ta ce ita ma a asibiti ana ce mata 'yar caca, ta kuwa saba. Na buɗe baki in kawo zancen matsayina a coci, na ji ba shi da daɗin faɗa, sai ta kashe.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ban je wasa ba. Gershon ya ce sun bar jarumata tana barci a masauki, ba su kashe ta ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ba wani abu ba ne, kasuwa na shiga sayen manja, shagon mai buga riguna kuma yana kan hanya. Zanen farko yana cikin jakata, shi ke nan. Na ce ya gwada mini a riga ɗaya in gani, ba don kowa ba.

Sai da na miƙa masa takardar na lura shagon cike yake da matanmu, har da Mama Zipora, ana karɓar ankon Kirsimeti. Na so in juya, sai mutumin ya riga ya buɗe takardar a kan tebur ya ce, "Madam, wannan na masu caca ne?" Na ce ba caca ba ce. Ya ce to mene ne? Sai na faɗa masa, tebur da labari da dayis da duka, har da cewa ni ma ina yi, duk Asabar, kuma babu wani lesin. Tambaya ya yi na amsa, iyakarta ke nan. Ban san me ya sa ban rage murya ba.

Mama Zipora ta naɗe ankonta ta fita, ba ta ce mini sai gobe ba. Na manta da manjan ma.

Ya buga mini rigar, na tura wa Hephzibah hotonta, ba ta amsa ba tukuna. Gobe akwai taron zumunta bayan sujada, ni ce mai karanta rahoto. Na goge ankona na rataye.